Aikin da ke Tsakanin Mai Bincike da Manomi

Ran nan ina zaune a shagon wani aminina mai sayar da iri da maganin feshi a Bunkure, sai ga wani dattijo ya yi sallama riƙe da kwalba a hannu. Ya miƙo mini ita, ya ce, "Malam, duba mini nan, murfi nawa a ke zuba wa famfo guda?" Na juya kwalbar gaba da baya. Rubutun Turanci ne ƙanana ƙanana kamar sawun tururuwa, a gefe guda kuma Faransanci. Dattijon nan ya yi saukar karatu tun yana saurayi, yana rubuta wasiƙa da ajami, lissafin bashin da ya ke bin mutane duk yana cikin littafinsa, ba ya ɓata ko kwabo. Amma a gaban kwalbar nan ya zama kamar wanda bai taɓa riƙe allo ba.

Abin da takardar ta ce shi ne lita guda na magani cikin lita 200 na ruwa ga hekta guda. Muka zauna ni da mai shago muka yi hisabi. In famfon goyonsa mai cin lita 20 ne, hekta guda za ta sha cikin famfo goma, watau kowane ciki ya sami kashi ɗaya cikin goma na kwalbar. In kuwa mai cin lita 16 ne, sai ciki goma sha biyu da rabi, ma'aunin kowane ciki kuma ya ragu. Sa'an nan dattijon ba hekta gare shi ba, kadada ce, ita kuwa hekta kadada biyu ce da kusan rabi. Muka auna murfin, muka gaya masa, na rubuta masa da ajami a bayan kwali, ya yi godiya ya tafi. Da ya fita na ce wa mai shago, wannan hisabi da muka yi aikin wani ne, aiki ne mai suna da albashi, gwamnati ta daɗe tana ɗaukar mutane dominsa, mutanenmu ne ba su san da shi ba balle su sa 'ya'yansu a hanyarsa. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Ka sani, ya kai mai karatu, ƙasar nan ta Bunkure da Kura da Garun Malam ba haka ta ke ba a zamanin iyayenmu. In kaka ta wuce, sai fadama da shadufu, sauran jama'a kuwa su tafi cin rani. A zamanin Gwamna Audu Bako aka datse Kogin Kano a Tiga, aka fara aiki a 1971 aka gama a 1974, kafin nan kuwa an fara gwaji a Kadawa da ruwan Bagauda. Injiniyoyin ƙasar Holan ne suka zana fasalin magudanan ruwan, aka nufi kashin farko ya shayar da hekta 22,000. A 1976 aka kafa Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are, sha'anin ruwan ya koma hannunta. Da ruwa ya zo, sai ya zo da abubuwan da kakanninmu ba su bar mana iliminsu ba: alkama a fili mai faɗi, shinkafa sau biyu a shekara, tumatir da a ke loda wa manyan motoci a Kwanar Gafan zuwa Ikko, takin zamani, maganin ciyawa, kacalla mai toshe magudana, da gishirin da ke tasowa a gonar da ruwa ya kwanta mata. Manomin gero ya gaji sana'arsa daga ubansa. Manomin rani na wannan fasali kuwa tilas ya nemi wani sashe na iliminsa daga waje.

Wajen kuwa shi ne Samaru ta Zariya. Tun 1922 a ke binciken aikin gona a can, a 1962 wurin ya zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, tana kuma da tashar binciken noman rani a nan Kadawa, kusa da mu. Shinkafa tana hannun cibiyar Badeggi, alkama tana hannun Cibiyar Binciken Tafkin Cadi a Maiduguri. A waɗannan wurare masana su kan shuka iri iri a ƙananan fegi, su auna, su sake shukawa shekara biyu ko uku, kana su rubuta abin da suka gani. To, amma da wane harshe su ke rubutawa, domin wa kuma? Da Turanci, domin 'yan'uwansu masana, cike da jadawali da alamomin lissafi waɗanda ko wanda ya gama sakandare ba ya gane kansu. Ba laifi ba ne, haka sana'arsu ta ke. Sai dai tsakanin wannan takarda da hannun dattijon nan mai kwalba akwai tafiya mai nisa, wanda ke yin tafiyar kuwa shi ne mutumin da mu ke magana a kansa.

Gwamnatin Jihar Arewa ta gane haka tun da wuri. A 1963 ta buɗe wani sashe a Ma'aikatar Gona wanda ba shi da aiki sai ɗauko sakamakon bincike ya mai da shi abin da malaman gona za su iya kai wa ƙauye. Da aka raba Arewa jihohi sai sashen ya koma cikin cibiyar Samaru a 1968, a 1975 ya tsaya da ƙafarsa, a 1987 aka ba shi Nijeriya duka. Shi ne a ke kira NAERLS a taƙaice. A ciki akwai masanan shuka da na dabbobi, akwai kuma editoci, da masu fassara, da masu zane, da masu ɗaukar hoto, da masu shirin rediyo da talabijin, da ma'aikatan ɗab'i. Waɗannan na baya su ne ba a cika jin labarinsu ba.

Yadda Aikin Ya Ke

Malamai sun fi kowa saurin gane wannan sana'a, gama tana da 'yar'uwa a zaurensu. Wanda ya taɓa kwafar littafi ya san muƙabala, watau a zauna mutum biyu, ɗaya na karanta asali ɗaya na bin kwafi, kada ɗigo ya faɗi ya juya ma'ana. Ya san bambancin matani da sharhi, ya san ba a sa ra'ayin mai sharhi cikin bakin mawallafi. Edita na bincike haka ya ke. In masani ya kawo rahotonsa, edita ya kan bi lissafin jadawali ya ga ko jimla ta yi daidai, ya duba ko abin da aka faɗa a ƙarshe shi ne abin da gwajin ya nuna, ko kuwa marubuci ya zarce da murna. Gwaji ne na shekara guda a Kadawa, amma an rubuta kamar hukunci ne a kan ƙasar Hausa duka? Edita ya mayar masa, ya ce a gyara. Wannan mataki na farko ne, Turanci zuwa Turanci. Mataki na biyu, wanda ya fi wuya, shi ne a tatso daga shafi talatin abin da zai cika 'yar takarda guda, a juya shi da Hausa, ba a ƙara ba, ba a rage abin da zai cuci mai aiki da shi ba.

Bari in ba da misali da taki, don a nan a ke yawan faɗuwa. Masana ba su kan ce buhu kaza ba. Su kan ce, alal misali, a ba hekta kilo 100 na naitirojin, watau sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar. Wanda bai san kan abin ba sai ya fassara, "A zuba kilo 100 na taki," manomi ya sayi buhu biyu na uriya ya watsa, yana ganin ya cika umurni. Alhali uriya, cikin kowane kilo 100 nata, 46 kaɗai ne naitirojin. Ashe bai ba gonar ko rabin abin da aka ce ba. Kafin ya cika kilo 100 ɗin sai ya zuba kilo 217, watau buhu huɗu da sulusi. In kamfa ce mai lamba 15-15-15, buhun kilo 50 ba ya ɗauke da fiye da kilo bakwai da rabi na naitirojin, sai buhu goma sha uku da sulusi kafin a kai. Sa'an nan a sake mai da hisabin kan kadada, gama da ita mutanenmu ke magana: buhu huɗu da sulusin nan ya koma buhu ɗaya da rubu'i uku. Kalma guda ce ta faɗi wurin fassara, amma shinkafa ta yi ja, manomi ya ce irin gwamnati ba shi da kirki, ɗan kasuwar da ya ba shi taki bashi ya rasa inda zai kama. Masanin kuwa yana Samaru bai san an yi ba.

A Jamhuriyar Nijar masanan cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, sun yi wata dabara da ta burge ni. Da suka ga talaka ba shi da kuɗin buhu, sai suka gwada sa ɗan taki kaɗan a ramin shuka, wajen giram shida na kamfa. Giram shida ba magana ba ce a ƙauye, ba wanda ke da sikelinsa. Sai aka ce cikin murfin kwalbar lemo guda. Duk binciken ya taru ya shiga murfin kwalba, kowace tsohuwa ta gane. Wanda ya samo wannan ma'auni, a ganina, ladansa bai gaza na wanda ya yi gwajin ba.

Akwai kuma mas'alar kwanan wata, wadda masu hisabi za su ji daɗinta. Alkama 'yar sanyi ce. Shawarar masana ita ce a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba, kada a wuce tsakiyar Disamba, domin ta yi ido cikin hunturu. Wadda aka makara da ita zafin Maris ya kan riske ta tana cika, ƙwayar ta motse. To, Nuwamba ta wa? Lissafin watannin ajamiyya da malaman hisabi suka gada ta hanyar Magrib yana bayan kalandar gwamnati da kwana 13. Wani dattijon kuma ba ya lissafi da ko ɗaya, sai da taurari 28, bakwai bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Wani da watan sama ya ke tafiya, wanda ke gusawa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Mai rubuta wa waɗannan mutane takarda, in bai san akwai lissafi uku ko huɗu a gari guda ba, zai rubuta gaskiya a karanta kuskure. Kwana 13 kuwa ba wasa ba ne ga alkama.

Suna ma wani fage ne. Cibiyoyi su kan raɗa wa iri suna da harufa da lamba: SAMMAZ ga masara, SAMSORG ga dawa, SAMPEA ga wake, SAMNUT ga gyaɗa, FARO ga shinkafa. Manoma kuwa ba su jiran kowa, su kan raɗa nasu. Shinkafar da takarda ke kira FARO 44 a kasuwa sipi ce. In takarda ta ce FARO 44 kawai, mai sipi a rumbu zai tafi neman sabon iri, ya sayo abin da ya ke da shi. Tilas mai wannan aiki ya riƙe sunaye biyu, na ofis da na kasuwa, ya san kuma inda sunan Kano ya saɓa da na Sakkwato. Wani likita Bature, Dalziel, ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa ya buga a 1916, Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934, Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta yi ƙoƙarin daidaita kalmomin sababbin abubuwa, Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Duk da haka ba ranar da mai fassarar bincike ba ya karo da abin da ba shi cikin ko ɗaya daga littattafan nan, sai ya tafi bakin magudana ya ji abin da masu gona ke ce masa.

Shekarar Sharon

Wanda ya ke shakkar nauyin wannan aiki ya tuna 2016. Wata 'yar tsutsa, wadda masana ke kira Tuta absoluta, manoma suka sa mata sharon, ta faɗa wa tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Asalinta Amurka ta Kudu, ta shiga Sifen a 2006, ta bi ƙasashe har ta iso mu. Gwamnatin Kaduna ta yi shelar dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu na shekarar, kwando ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, masana'antar tumatir ta Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a watan Maris ta tsaya ba da jimawa ba don rashin abin niƙa. Mutane da yawa a ƙasar nan sun shiga bashin da suka yi shekaru suna biya.

Abin da ke da ciwo shi ne, halin tsutsar nan sananne ne ga masana tun kafin ta zo, an yi shekara goma ana rubutu a kanta a Turai. An san tana shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa ta ɓuya, saboda haka maganin da ke tsayawa a bayan ganye ba ya cim mata. An san uwar, wata 'yar malam-buɗe-littafi ce ta dare, ta kan yi ƙwai fiye da 200, cikin wata guda kuma 'ya'yan sun zama iyaye. An san tana saurin sabawa da magani in an nace mata da iri guda. An san amfanin tarkon ƙamshi mai jawo mazan, da ƙone karan tumatir bayan an gama tsinka. Duk wannan yana rubuce, da Turanci da Sifananci da Faransanci. Manomin Bunkure kuwa abin da ya iso masa shi ne feshi, ya ƙara feshi, safe da yamma.

A nan ina da magana da 'yan kasuwa, masu shagunan magani. In takarda ta ce a riƙa sauya magani, ba sunan da ke bisa kwalba da manyan baƙaƙe a ke nufi ba. Kamfani biyar su kan zuba sinadari guda cikin kwalabe biyar masu suna daban daban. Wanda ya sauya kwalba bai sauya sinadari ba, bai yi kome ba sai ɓarnar kuɗi, tsutsa kuwa ta daɗa ƙarfi. Sunan sinadarin yana nan a rubuce da ƙananan baƙaƙe ƙarƙashin sunan kamfani. Haka kuma zanen launi da ke gindin kwalba ma'ana gare shi: ja ya fi kowane dafi, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Na taɓa jin wani yaron shago yana gaya wa mai saye wai koren na ganye ne, jan na tumatir nunanne. Ban ga laifin yaron ba ƙwarai, ba wanda ya taɓa ba shi bayanin da harshensa.

Fataken hatsi kuma sun ɗanɗani nasu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, irin wanda a ke zubawa a buhu don tsoron ƙwaro. Alhali tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai riɓi uku da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fitar tare da masanan Afirka, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, a ɗaure kowace tam, ƙwaro ya rasa iska ya mutu, ba ɗigon magani. Yadda aka yaɗa shi abin koyi ne. Ba takarda kaɗai aka raba ba. A kan tara mutanen gari a cika buhu a gabansu a ɗaure, bayan wata huɗu ko fiye a sake tara su a kwance, kowa ya sa hannu ya ga waken. Shirya irin wannan taro, da rubuta abin da za a faɗa a rediyo kafinsa da bayansa, duk cikin sana'ar da mu ke magana ne.

Kada a ɗauka hanyar ɗaya ce, daga masani zuwa manomi. Da can malaman gona sun yi shekaru suna hana mutane haɗa gero da dawa da wake a gona guda, wai rashin wayewa ne. Sai wani masanin tattalin arziki, David Norman, da abokan aikinsa a Samaru suka zauna da manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau, daga wajen 1966, suna rubuta aikinsu da abin da su ke samu. Lissafi ya nuna manoman ne ke da gaskiya: haɗin ya fi riba a kan wahalar da aka sha, ya kuma fi tsare gida daga yunwa in shekara ta ƙi. Masu tambaya da masu fassara Hausawa ne suka ɗauki wannan magana daga bakin manoma suka kai ta takarda. A nan ƙasarmu ma an yi irin wannan. Tina Wallace ta yi bincike a kan yadda aikin ruwan Kogin Kano ya taɓa talakawa, wa ya samu wa ya rasa, aka buga a Ingila a 1981. Ana karanta shi a jami'o'in duniya. Mutanen da aka rubuta labarin gonakinsu kuwa, har jikokinsu, ban sadu da wanda ya taɓa jin abin da ke ciki da Hausa ba.

Hanyar Shiga

To, yaron da ke son wannan aiki, ina zai bi? Ƙofa biyu ce. Ɗaya ya karanta aikin gona, ko a Kwalejin Audu Bako ta Dambatta, ko kwalejin Samaru, ko jami'o'in Zariya da Kano da Wudil, ya ɗauki fannin koyar da manoma, sa'an nan ya gyara alƙalaminsa. Ɗayar ya karanta Hausa ko aikin jarida, sa'an nan ya sunkuya ya koyi kimiyya gwargwadon abin da zai hana shi kuskure. Ni dai na fi amincewa da ƙofar farko, gama koya wa masanin taki rubutu ya fi sauƙi bisa koya wa marubuci taki, ko da ya ke na ga waɗanda suka shigo ta ta biyun suka yi kyau. Ko ta ina ya shigo, ba makawa ya iya Turanci har ya gane inda masani ya ce "mai yiwuwa" da inda ya ce "tabbas", ya iya hisabin kashi da ma'auni, ya iya aiki da kwamfuta, Hausarsa kuma ta zama ta gari, ba ta ofis ba.

Wuraren aikin suna da dama. Ban da NAERLS da cibiyoyin bincike, akwai Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are da ƙungiyoyin masu shan ruwa da a ke son su riƙa kula da ƙananan magudana da kansu, akwai KNARDA ta Jihar Kano, akwai hukumar duba yanayi NiMet wadda ke fitar da hasashen damina kowace shekara tana kuma fassara shi da Hausa, akwai NAFDAC mai lura da magunguna, da ofisoshin IITA da ICRISAT a Kano, da Cibiyar Noman Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da gidajen rediyo. A hayin iyaka akwai INRAN mai tasha a Tarna kusa da Maraɗi, inda abin da a ke juyawa Faransanci ne. Zamani kuma ya ƙaro wata ƙofa, saƙon murya ta WhatsApp, wanda manomi ke saurare yana bisa kunyar gonarsa. Minti biyu na murya sai an rubuta shi an tace kamar takarda, har ya fi, don ba a komawa baya a duba.

Ba zan ɓoye wahalarsa ba. Sunan edita ba ya fitowa a kan littafi, na masani ke fitowa. A jami'a kuma ƙarin girma yana bin yawan abin da mutum ya buga da Turanci a mujallun masana, 'yar takardar Hausa da ta tsirar da gonaki dubu ba ta da nauyi a wannan sikeli, shi ya sa masu hazaƙa da yawa ke gudunta. Wani lokaci a gama rubutu a rasa kuɗin ɗab'i har lokacin shukar ya wuce. Wani lokaci babba ya so a rubuta cewa iri kaza ya ninka amfani, alhali a gonar gwaji ne kaɗai ya ninka, da ruwa da taki isassu. A nan a ke gane mai amana. Hunainu ɗan Is'haƙa, likitan Bagadaza wanda ya rasu a 873, ya juya littattafan likitancin Yunanawa da yawa zuwa Suryananci da Larabci, ya kuma faɗa da kansa cewa ya kan tara kwafi da dama na littafi guda ya gwama su kafin ya fara. An san shi da ɗaukar ma'anar jimla duka maimakon bin kalma kalma. Shekara fiye da dubu ke nan, ka'idar ba ta sake ba.

Saura magana guda, ita ce ta fi damuna. Kusan duk abin da hukumomin nan ke bugawa da Hausa, da boko su ke bugawa. Ba haka aka faro ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 ba ta jima ba ta ƙara shafukan ajami da aka kira 'Yar Gaskiya, don an ga akwai dubban masu karatu da boko bai kai gare su ba. A Kano an yi Alfijir, jarida sukutum da ajami. Masu karatun nan ba su ƙare ba, suna nan cike da Bunkure da Kura, su ne limamai da masu unguwanni da dillalan Kwanar Gafan, waɗanda in sun faɗi magana a ke ji. Yaron da ya tashi a makarantar allo ya kuma yi boko har ya san kimiyya yana riƙe da abin da abokin karatunsa ɗan birni ba shi da shi, gama shi kaɗai zai iya zama da masanin Kadawa da safe, da la'asar kuma ya rubuta abin da ya ji yadda liman zai karanta wa jama'a a ƙofar masallaci. Kwamfuta yanzu tana buga baƙaƙen ajami, kuɗin shafi guda na ajami daidai ya ke da na boko.

Dattijon nan mai kwalba ya komo shagon bayan mako biyu, ba don ya sayi kome ba. Kwalin da na rubuta masa ne ya jiƙe a aljihu, tawadar ta baje, maƙwabtansa uku kuma suna son a kwafa musu. Mai shago ya yanko kwali huɗu daga katon ɗin magani, na zauna na rubuta, muka yi muƙabala ni da shi, na ƙara musu a ƙasa yawan kwanakin da takardar ta ce a jira bayan feshi kafin a tsinki tumatir a kai kasuwa, gama wancan karo na manta ban sa ba.